Abin da Na Fitar Daga Ɗakin Talata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugabar cibiya, wadda ta ɗauke ni aiki shekara goma sha huɗu da suka wuce kuma take haƙuri da ni har yau. Manyan baƙi da kuka baro ayyukanku kuka zo. Likitoci da ma'aikatan jinya. Malamanmu masu nasiha. Abokan aikina masu jagorantar zama. Masu gadi, masu shara da masu girki, waɗanda kuke riga kowa zuwa kuma kowa yake riga ku tashi. Iyayenmu mata da iyayenmu maza. Matan aure da kuka jure abin da ba ya faɗuwa. Yayye da ƙanne. Sannan ku 'yan'uwana ashirin da bakwai da kuke sahun gaba, waɗanda yau kuka cika shekara guda cur ba ku kai ƙwaya baki ba: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga masu shirya taro da suka sake ba ni wannan dama, shekara ta biyu a jere, suka kuma ajiye wannan lambar yabo a kan tebur da sunana a jikinta. Ina godiya ga mai gabatarwa, wanda ya yabe ni har na fara waige-waige ina neman mutumin da yake magana a kansa. An ce in yi bayani a kan yadda ake jagorantar zaman masu barin shaye-shaye, an kuma ba ni minti ashirin. Waɗanda suka san ni sun san a minti ashirin ko gaisuwa ba na gamawa; amma yau zan kama bakina, domin abin da na zo da shi ba abin da ake jin daɗin ja ba ne. Abu uku zan faɗa. Biyun farko aikin ne ya koya mini su. Na ukun kuwa ɓarna ce da na yi da bakina, a nan inda nake tsaye, bara war haka.

Abu na farko shi ne zaman kansa. Wanda bai taɓa shiga ba, bari in kai shi. A ƙarshen barandar can, bayan ɗakin wanki, akwai wani ɗaki mai taga biyu, da fanka mai ƙara, da agogon bango wanda yake gaba da minti bakwai tun ranar da na zo. Babu tebur a cikinsa, babu allo, babu kujerar babba. Kujeru goma sha biyu ne na katako, an jera su da'ira, yadda kowa zai ga idon kowa kuma ba wanda zai ɓuya a bayan wani. Duk Talata da ƙarfe huɗu na yamma muke zama, mu tashi ƙarfe biyar da rabi. Ba ma kiran kowa da sunansa a ɗakin. Kowa da sana'arsa ake kiransa, domin mutum ya tuna cewa kafin ƙwaya yana da abin da hannunsa ya iya. Akwai Direba, akwai Tela, akwai Mai Walda, akwai Malamin Lissafi. Ni suna ce mini Malam a gaban idona, a bayan idona kuwa Rediyo, kuma Tela ne ya raɗa mini. Da na tsare shi na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ai kai ba a kashe ka, sai dai a ɗauke wuta."

A cikin mutanen da'irar nan akwai wani da muke kira Kafinta. Ku riƙe shi a ranku, domin saboda shi na hau nan yau. Mutum ne dogo, mai faɗin tafin hannu, marar son magana. Satinsa na biyu da zuwa ƙafar wata kujera ta karye, ya ɗauke ta ya tafi da ita, ya dawo da ita garau. Guntun ƙafar da ta karye kuwa bai yar ba: ya goge shi ya yi sumul, ya kawo ya ajiye a tsakiyar da'ira, ya ce duk wanda katakon nan yake hannunsa shi ne mai magana, sauran su saurara. Na yi murna, na ce wannan dabara ce mai kyau don hana katse juna. Sai daga baya na gane ba don su ya yi shi ba, don ni ya yi shi.

Abu na biyu shi ne shiru. Ku matasa da kuke koyon aikin nan, ku ji ni da kyau: mai jagorantar zama ba mai wa'azi ba ne, ba alƙali ba ne, ba likita ba ne. Aikinsa ya buɗe ƙofa, ya tsare lokaci, ya hana mai ƙarfin murya danne mai rauninta, sannan ya iya zama cikin shiru ba tare da ya yi gaggawar cika shi ba. Shirun ɗakin nan yana da nauyi. Mutum zai riƙe katako minti biyu, minti uku, yana juya shi a hannu, fanka na ƙara, kai kuma kana so ka taimake shi da kalma. Idan ka taimake shi, ka ƙwace masa. Maganar da ya shekara biyar yana haɗiyewa tana kan hanya, kuma da ƙafa take zuwa.

Sati tara Kafinta ya yi, duk lokacin da katako ya zo hannunsa abu ɗaya yake cewa: "Ni ne Kafinta, na zo." Sai ya miƙa wa na kusa da shi. A sati na goma ya riƙe bai miƙa ba. Allah ya taimake ni ranar na yi shiru, kuma abin da ya faɗa shi ne ya kawo mu abu na uku.

Abu na uku shi ne amana. Kafin a fara kowane zama, akwai magana guda da nake faɗa, su maimaita a bayana: "Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan zai tsaya." Ni nake fara faɗa. Ni na rubuta ta a takarda na manna a bayan ƙofa. Ni na kori mutum biyu daga zaman saboda sun karya ta. Shekara goma sha huɗu, duk Talata, bakin nan nawa shi ke ja musu ita. A kanta ɗakin yake tsaye. Ba domin ita ba, babu uba da zai faɗi abin da ya yi wa 'ya'yansa, babu miji da zai faɗi abin da ya sayar daga ɗakin matarsa, babu wanda zai buɗe cikinsa a gaban mutum goma sha ɗaya da bai haɗa komai da su ba sai ciwo.

Abin da zan faɗa yanzu, da izinin mai shi zan faɗa. Na je na roƙa, ya ba ni, da sharuɗɗa uku da za ku ji a gaba. Bara ban roƙa ba.

Ga abin da Kafinta ya gaya mana a sati na goma. Shekara shida kafin ranar, mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya a gidan yayarsa. Da hantsi ya shiga shagonsa, ya kulle ƙofa ta ciki, ya sha abin da ya sha, ya kwanta a bayan katakai. Cikin wannan barcin mahaifiyarsa ta cika. Yayarsa ta kira wayarsa sau talatin da ɗaya. Aka aiko, aka tarar da shago a rufe, aka koma. Aka yi mata sutura, aka yi mata salla, aka ɗauke ta, kuma hanyar maƙabarta ta ƙofar shagonsa ta bi. Bai farka ba sai bayan la'asar. Da ya duba wayar ya ga saƙon rasuwar, sai ya fita a guje ko takalmi bai sa ba, ya isa maƙabarta ya tarar an watse, ba kowa sai mai gadi yana tattara kayan haƙa. Da ya je gidan, kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Ya ce ya je sayen katako ne a bayan gari, mota ta lalace musu a inda waya ba ta shiga. Yayarsa ta rungume shi tana ba shi haƙuri, tana cewa haka Allah ya rubuta. Da wannan ƙaryar ya rayu shekara shida, kuma ya ce duk lokacin da ta tuna ta tausaya masa, sai ya koma shago ya ƙara sha.

Ya ƙare da magana guda, kuma ina so ku ji ta yadda ya faɗe ta, domin a nan laifina yake. Ya ce, "Ta ƙofar shagona aka wuce da ita, ban ji ba."

Direba ya miƙa hannu ya ɗora masa a gwiwa, ya bar shi a nan har aka tashi. Daga ranar Kafinta ya fara warkewa, muna gani da idonmu: ya yi ƙiba, ya fara dariya, ya fara tsokanar Tela, ya ɗauki odar ƙofofin wata makaranta ya gama a kan lokaci. Shekara biyu da wata huɗu bai taɓa komai ba. Ita kuwa yayar tasa, ita ce ta kawo shi cibiyar nan tun farko, ita ce take zama a bencin baranda duk Talata har ya fito, ita ce ta riƙe shi lokacin da dangi duka suka saki. Ba ta san komai ba game da ainihin inda yake ranar rasuwar. Ya ce zai gaya mata da bakinsa idan ya yi ƙarfi, kuma mun fara shirya yadda zai yi.

Sai bara aka ce in yi jawabi.

Jama'a, zan faɗi abin da yake raina a lokacin ba tare da na yi masa ado ba. Ina so a ji ni. Ina so in ga mutane suna share hawaye saboda maganata. Na duba duk abin da na sani a aikin nan, na ga babu labarin da zai girgiza zauren nan kamar na Kafinta, sai na ce wa kaina: ai ba zan faɗi sunansa ba, ai don amfanin jama'a ne, ai darasi ne. Kun ga yadda mutum yake lallashin kansa? Na hau nan na ce wani kafinta. Na ce katakai. Na ce kira talatin da ɗaya. Na ce mota ta lalace a bayan gari. Shi yana zaune a sahun gaban nan, a kujera ta huɗu, ana taya shi murnar shekara biyu. Yayarsa tana can tsakiya, ta yi kwalliya, ta zo da 'ya'yanta. Ni na sa hannu a takardar gayyatarta.

Da a nan na tsaya, da laifin ya isa a kore ni. Amma ban tsaya ba. Da na zo wurin da aka wuce da gawa ta ƙofar shago, na ji zaure ya yi tsit, na ji mutane sun shigo hannuna, sai na ga "bai ji ba" ta yi mini sanyi da yawa. Sai na ce ya ji. Na ce ya ji takun mutane, ya ji muryoyinsu, ya gane ko wace ce aka ɗauko, ya ja buhu ya rufe kansa ya juya ya ci gaba da barci. Wallahi babu buhu. Wallahi bai ce haka ba. A nan tsaye na ƙera shi, cikin daƙiƙa guda, don kawai in ji wata mata a baya ta ce innalillahi. Kuma ta ce.

Kun tafa mini. Wasunku da ke nan yau kun miƙe tsaye kun tafa. Ba laifinku ba ne, ba ku sani ba. Na sauko ina jin kaina a sama, ana ta miƙo mini hannu. Yayarsa ta kwashi 'ya'yanta ta fita kafin a raba abinci, ban ma lura ba. Shi kuwa ya zauna har aka tashi, ya zo ya ba ni hannu, ya dube ni ya ce, "Malam, ka iya magana." Ni kuma, don Allah ku ji wauta, na ce masa na gode.

Talatar da ta biyo baya kujerarsa ba kowa. Na ja musu maganar amana kamar kullum, ba wanda ya maimaita. Na ɗauki katako na miƙa wa Direba, ya riƙe ya miƙa wa Mai Walda, Mai Walda ya miƙa wa Malamin Lissafi, haka ya zagaye ɗakin ya dawo hannuna ba wanda ya ce uffan. Sai Tela, wanda bai taɓa kirana da sunan nan a gaban idona ba, ya ce, "Rediyo, ka yi haƙuri. Ba mu san tashar da za ka kai mu gobe ba." Cikin wata biyu mutum goma sha ɗaya suka koma shida, su shidan ma labarin zafin rana da cunkoson hanya suke ba ni.

Kuna tsammani na gane? Ban gane ba, ko in ce na ƙi ganewa. Na ce wa shugaba ban ambaci suna ba. Na ce wa abokan aikina mutanen nan sun cika saurin fushi. Na je gida ina maimaita wa matata, tana yankan albasa, ina cewa ai ban faɗi sunansa ba. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Baban yara, ba ka faɗi sunansa ba, amma ka zana shi har da ƙusa a baki. Ni da ban taɓa ganinsa ba, in na haɗu da shi a hanya zan gane shi." Na yi fushi na kwana biyu ba na cin abincinta da daɗi. Gaskiya ta faɗa.

Wata biyar na yi ban taka shagonsa ba, kuma ba aiki ne ya hana ni ba, tsoro ne. Mai Walda ne ya tare ni a baranda ya ce, "Malam, mutumin nan ya koma shan ƙwaya. Tun sati biyu da taron ya koma. In kana da abin faɗa masa, ka je tun yana ji." Na je. Na tarar da ƙofofi uku a jingine ba a gama ba, ƙura ta rufe su, shi kuma yana zaune a kan benci, rigarsa ta yi masa yawa. Na yi sallama, na buɗe baki zan fara jawabin da na shirya a hanya. Sai ya sunkuya ya ɗauki wani guntun katako a ƙasa, ya ɗaga ya nuna mini, ya ce, "Yana hannuna." Na rufe bakina.

Ya ce ranar taron da yamma Yaya ta zo shagon. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi titi, ta dubi bayan katakai, ta ce, "Ashe ka ji." Ya rantse mata bai ji ba, ya ce ƙaryar mota gaskiya ne ya yi ta, amma ji bai ji ba. Ta ce, "Tsakanin wanda ya yi mini ƙarya shekara da shekaru, da malamin da ba shi da abin da zai samu a ciki, wa kake so in yarda da shi?" Tun ranar ba ta amsa gaisuwarsa. Idan ya je gidan, sai a ce ba ta nan, alhali yana ganin takalminta a ƙofa. 'Ya'yanta da suke zuwa shago yana yi musu motar katako sun daina zuwa. Ya ce, "Malam, ƙaryata da na yi, da na faɗa mata da bakina, za ta yi kuka ta yafe, na san Yayata. Taka ce ba za ta iya yafewa ba, kuma ni aka ɗora wa." Sannan ya ajiye katakon a kan benci, bai miƙo mini ba.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na fito ban san ta inda na bi na koma gida ba.

Na je gidan Yaya sau uku. Mace ce mai mutunci. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini ruwa. Na ce mata ni na ƙara maganar ji da maganar buhu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, na san kana so ka rufa masa asiri ne, Allah ya saka maka da alheri." Kun ji inda mutuncin da kuka ba ni ya kai ni: na yi ƙarya an yarda, na zo da gaskiya an ɗauka kirki ne. A zuwa na uku da na matsa, sai fuskarta ta canja, ta ce, "A gaban mutum ɗari uku ka faɗa, da lasifika. Yanzu kuma a tsakar gidana kake so ka warware, daga ni sai kai? In ƙarya ka yi, ka san inda ka yi ta."

Shi ya sa da aka sake gayyatata bana ban ƙi ba, ko da yake shugaba ta san abin da zan faɗa kuma ta ce in yi tunani.

Kafin in ci gaba, akwai mutum biyu da ya wajaba a san abin da suka yi. Duk Talata, idan an tashi daga zamana, Direba da Mai Walda sukan wuce shagon Kafinta ba tare da sun gaya mini ba, su zauna a kan katakai su uku, su zagaya guntun katako a tsakaninsu. Ba su da takardar shaida, ba su yi kwas ba, ba wanda ya sa su. Yau Kafinta yana da sati goma sha huɗu bai sha komai ba, kuma ba ni da hannu a ciki ko kaɗan. Su suka yi aikin da ake shirin ba ni lambar yabo a kansa.

Sharuɗɗansa uku ne. Na ɗaya, in faɗi abin da ya faɗa kawai, kada in ƙara ko da wasali. Na biyu, kada in mai da shi gwarzo, kuma kada in yi kuka, don ya ce kukana ma jawabi ne. Na ukun zan faɗa a ƙarshe. Na tambaye shi ko zai zo, ya ce, "A'a, Malam, na ji muryarka ta ishe ni."

Yaya, na aika miki da takardar gayyata, wannan karon na kai da hannuna. Ban san ko kin zo ba, kuma ko kin zo ba zan ɗaga kai in neme ki ba. Na nuna mutum sau ɗaya a zauren nan, ya isa. Idan kina nan, ki ji. Idan ba kya nan, akwai mutum ɗari uku da za su kai miki. Ƙaninki bai ji ba. Na rantse da Allahn da zai tambaye ni a kan harshen nan, bai ji ba. Ya sha, gaskiya ne. Ya yi miki ƙaryar mota, gaskiya ne, kuma wannan tsakaninku ne, ba ni da bakin shiga. Amma bai ji an wuce da mahaifiyarku ya juya baya ba. Ni na sa masa kunne, ni na ba shi buhu. Akwai kuma abin da ya faɗa wanda na cire bara, domin zai rage wa labarina zafi: da ya farka, da gudu ya tafi, ba takalmi, har tafin ƙafarsa ya tsage, kuma mai gadin maƙabarta ne ya ɗaga shi daga kan kabarin da rana ta kusa faɗuwa. Mutumin yana nan da ransa, kina iya tambayarsa. Ba na roƙon ki yafe mini, ban kai nan ba. Abin da nake roƙo, idan ya sake zuwa ƙofarki ya yi sallama, ki amsa, ki bar shi ya faɗa miki da bakinsa yadda ya yi niyya tun farko, kafin in riga shi.

Ku 'yan'uwana ashirin da bakwai, ku yafe mini da na shigo da wannan cikin ranar farin cikinku. Amma gara ku san wanda kuka buɗe wa cikinku. Ba labarin Kafinta kaɗai na taɓa fitarwa ba. Na sha ɗaukar guntun maganar wani in kai wurin horar da ma'aikata, ina cewa wani direba, wani tela, kawai dai ba a taɓa kama ni ba. Duk wanda ya taɓa jin nasa a bakina, ƙofata a buɗe take, ya zo ya faɗa mini abin da ya ga dama, zan yi shiru.

Ku kuma masu koyon aikin nan, idan za ku tafi da abu ɗaya daga bakina, ku tafi da wannan: cire suna ba ya ɓoye mutum ga wanda ya san shi, kuma labarin da aka ba ku a ɗakin nan ajiya ce, ba kyauta ba. Idan kuna son misalin da za ku ba jama'a, ku nemi izini, ko ku ba da naku. Ga nawa na ba ku, ku kai shi duk inda kuke so, har da sunana.

Mai girma shugaban taro, lambar yabon nan ina roƙon a bar ta a kan tebur. Ba raini ba ne, hannuna ne ba zai iya ɗaukarta ba. Mai girma shugaba, na riga na miƙa miki takarda: daga Talatar nan abokiyar aikina ce za ta ja zaman, ita za ta faɗi maganar amana su maimaita. Ni kuwa, idan mutanen ɗakin sun yarda, zan riƙa zuwa ƙarfe uku da rabi in share, in jera kujeru goma sha biyu, in ajiye katako a tsakiya, in fita in ja ƙofa. Kujerar Kafinta tana nan kusa da taga, shekara guda ba wanda ya yarda ya zauna a kanta.

Ina roƙon Allah ya tsare waɗannan ashirin da bakwai, ya ƙara musu shekara a kan shekara. Allah ya dafa wa wanda ya faɗi ya tashi, ya kama hannun wanda yake kwance har yanzu. Allah ya saka wa iyaye da mata da yayyen da suka zauna a benci suna jira. Allah ya jiƙan waccan baiwar Allah da aka wuce da ita ta ƙofar shago, ya haskaka kabarinta, ya sanyaya zukatan 'ya'yanta biyu, ya haɗa su a kan tabarma ɗaya. Allah ya ba masu aikin nan kunne fiye da baki. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Saura sharaɗi na uku. Ranar da na je neman izini, da zan fito daga shagonsa ya kira ni, ya ce, "Malam, bara mutum nawa suka tafa?" Na ce duka zauren. Ya ce, "To bana kada ko ɗaya." Don haka ina roƙonku, don girman Allah, idan na sauka kowa ya bar hannunsa a inda yake.

Na gode.